Gwangwanayen Yaya

Ni hannu Allah Ya ba ni, ido kuwa Yaya Ya ba. Ban taɓa jin haushin wannan rabon ba, don da shi muka shekara ashirin da biyu muna sana'ar duwatsun ado a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofar gidanmu. Ita ke jerawa, ni ke zurawa. Takan shimfiɗa farin tawul a kan tire, ta jera duwatsun ɗaya bayan ɗaya yadda sarƙar za ta kasance, sannan ta turo mini tiren da ƙafa. Ni kuma in ɗauki allura da zare in bi layin daga wannan kai zuwa wancan, in ƙulla, in sa maɗauri. Kafin ta gama jera ta biyu na gama ta farko ina zaune ina jiranta, har in yi mata tsiya cewa tsufa ya kama ta.

Sauri kam ina da shi. Amma a ce in haɗa launi biyu su zauna lafiya da juna, nan fa ake yin ta. Sau ɗaya na taɓa jera sarƙa da kaina, a farkon fara sana'ar. Yaya ta ɗaga ta, ta juya ta, ta ce, "Auta, wa ya ɓata miki rai haka?" Tun daga ranar na kama allurata na bar mata tirenta.

A hannun damanta akwai kanta mai hawa huɗu, kowane hawa gwangwani goma sha biyu. Tsofaffin gwangwanayen madara ne, wasu sun lotse, wasu sun yi tsatsa a baki, babu wanda aka rubuta wa komai. Yaya ko waiwayawa ba ta yi in za ta ɗiba. Tana hira ko tana faɗa, hannun zai tafi da kansa ya buɗe murfi ya dawo da abin da take so. Kowane launi da sunan da ta raɗa masa, wanda babu mai jin sa a kasuwa. Ja kaɗai iri biyar ne. Akwai jan haushi, akwai jan kunya, akwai jan tsohuwa, sauran biyun ma ban taɓa riƙe su ba. Shuɗi iri shida. Ni dai duk ja ja ne a wurina, in ta fara wannan lissafi sai in ce to, in ci gaba da aikina.

Wuri ɗaya muke kai kayanmu, wani shagon kayan kwalliya a babban titi, inda aka ware mana akwatin gilashi guda kusa da ƙofa. Ni ke kai kaya duk Litinin. Wata Litinin ɗin, matar da ke da shagon ta buɗe jakar, ta duba, ba ta fito da ko ɗaya ba.

"Auta, zauna mu yi magana," in ji ta. "Shekara biyu ke nan abu ɗaya kuke kawo mini. Na rantse miki tun kafin ki buɗe jaka na san abin da ke ciki. Mata sun fara wucewa ta gaban akwatinku ba sa ko tsayawa."

Na ce ai kayan Yaya ba sa tsufa.

"Ban ce ba su da kyau ba. Amma duk mai son irinsu ta riga ta saya. Ku kawo mini sabon abu kafin ƙarshen wata, in ba haka ba zan ba wasu akwatin. Ina jin nauyin Yaya, shi ya sa nake faɗa miki ke."

Ita ta sauke nauyinta ta ɗora mini. Duk hanya ina shirya yadda zan sassauta maganar, da na iso gida kuwa sai na zazzage ta yadda take. Yaya ba ta ɗago daga tire ba. Ta ce matar da ba ta san bambancin dutse da roba ba sai ta ciza, ita ce za ta koya mata jeri? Ta ce a bar ta ta ba wa wanda ta ga dama. Amma na lura hannunta ya tsaya a kan tawul ya daɗe bai motsa ba. Washegari ta jera irin wadda ta jera jiya, jibi ma haka.

Abin ya tsaya mini a rai. Akwatin nan shi ne mu. Mijin Yaya ya rasu, nawa ya daɗe da kama gabansa, kuma duk unguwa ba a san mu da wani abu ba sai duwatsu. In aka fitar da mu daga shagon, ni zan iya neman aikin hannu a wani wuri. Yaya fa? Ta zauna a tsakar gida tana kallon kaji?

Sai na ce bari in nemo mata sabon abu da kaina, ita ta gyara. Na fara da waya. Na kalli hotunan sarƙoƙi har idona ya yi ruwa, kowacce in na gani sai in ce ta yi kyau, ta gaba ma ta yi kyau, babu wadda ta fi wata. Na shiga layin masu atamfa da ɗan littafi a hannu ina rubuta launuka, har wani mai shago ya tambaye ni ko daga ofishin haraji nake. Na tsaya ina kallon furanni a jikin katangar wata makaranta, na kalli fentin motocin haya, na kalli tayil ɗin ɗakin jira a wani kantin magani. Ina dawowa gida sai in buɗe littafin in ga na rubuta "ja da kore da ɗan fari". To sai me? Ja nawa, kore nawa, wanne a gaba? Na rasa yadda mutane suke kallon bango su ga sarƙa.

Maƙwabciyarmu mai ɗinki ce ta ba ni shawarar da ta kashe mu, kuma da zuciya ɗaya ta ba ni. Ta leƙo aron almakashi ta same ni na tasa littafin a gaba.

"Ke ma dai, Auta," ta ce. "Ta ina sabon abu zai zo muku, kun kulle launukanku a gwangwani kamar masu ɓoyon gishiri? Ni zarena duk a fili yake. Ina ɗaga kai in ga wannan kusa da wancan, sai kawai abu ya faɗo mini. Ki samo kwalabe masu haske ki juye su, ki ga ikon Allah."

Maganar ta shige ni. A satin kuwa 'yar Yaya ta aiko a zo a tafi da uwar ta yi musu kwana huɗu. Tana fita na sayo kwalabe. Sun fi gwangwanayen faɗi, ashirin da huɗu kaɗai kantar ta ɗauka. Ban ga wata matsala ba. Me ake da ja har gwangwani biyar, girmansu ɗaya, duk ja? Na juye su a kwalba biyu. Shuɗi shida suka koma biyu. Kore huɗu, fari uku, duk na tattara kowa da danginsa. Na jera kwalaben daga mai haske zuwa mai duhu, na goge kantar fes. Da mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo wucewa, na kira shi na ba shi gwangwanayen kaf, har ina yi masa godiya da ya rage mini tarkace.

Gaskiya ɗakin ya yi kyau. In rana ta shigo ta taga ta bugi kwalaben nan, sai ka ce kantin alewa. Na zauna a gabansu yini guda ina jira abu ya faɗo mini kamar yadda mai ɗinki ta ce. Babu abin da ya faɗo. Na ce ba komai, dama ba don ni aka yi ba.

Yaya ta dawo ranar Alhamis da hantsi. Ban bari ta ko ajiye mayafi ba na ja ta zuwa ɗakin aiki, ina ta washe baki.

"Yaya, dubi!"

Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta matsa, ta kai hannu hawa na biyu, yatsunta suka taɓa gilashi, ta janye da sauri kamar ta taɓa tukunya a wuta.

"Ina gwangwanayena?"

Na yi mata bayani tiryan-tiryan, da mai ɗinki, da launuka a fili, da sabon abu da zai faɗo. Ina jiran faɗa, don Yaya ba ta raga wa kowa. Sai kawai ta ce, "Ya yi kyau." Ta zauna a kujerarta ta jawo tire.

Ban taɓa ganin ta yi jinkiri irin na ranar ba. Takan ɗauko kwalba, ta ɗaga ta wajen taga, ta kawo ta dab da fuska, ta ajiye, ta ɗauki wata. Ni kuwa a wautata sai murna nake yi, ina cewa a raina ga shi nan, tana nazari, dabara ta ci. Wajen awa biyu ta yi kafin ta turo mini tiren. Abin da ke kan tawul ɗin bai yi kama da komai da ta taɓa jerawa ba. Kore kusa da ruwan goro, ja ya faɗo a inda ba a zata ba, ga wasu baƙaƙe guda uku a gefe ɗaya babu 'yan'uwansu a ɗaya gefen. Na zura shi da rawar jiki, na sa maɗauri, na miƙa mata.

Ta shafa shi ta ce, "Shuɗin nan na tsakiya ya zauna dai ko?"

Na yi dariya. "Wane shuɗi kuma, Yaya? Babu shuɗi ko ɗaya a ciki."

Ba ta yi dariya ba. Na dubi dutsen da ta riƙe tsakanin yatsu biyu. Kore ne shar, wanda ko ni ba zan yi kuskurensa ba. Na dubi fuskarta. Idanunta suna kan sarƙar, amma sun ɗan kauce gefe, kamar mai sauraren magana a bayan ƙofa.

"Yaya, yatsa nawa na ɗaga?"

"Kar ki maida ni yarinya," ta ce. "Yatsu ina ganinsu. Ke ma ina ganinki, ga ki nan kin buɗe baki. Launi ne ya tafi."

Ta faɗa mini a hankali, ba ta ko canza murya ba. Shekara biyu da wani abu ke nan. Da farko shuɗi da kore suka haɗe mata, sannan jajayen suka bi, yanzu komai kamar ta cikin ruwan wanki take hango shi. Tafiyar nan ma ba ziyara ba ce, likitan ido 'yarta ta kai ta. Ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce, abin da ya tafi ya tafi.

"Hannuna ya san inda kowa yake," ta ce. "Hawa na biyu, na uku daga bango, jan kunya. Mai lotsattsen murfi, shuɗin safe. Tsofaffin jerina duk suna cikin kaina, ina iya fito da su ko a cikin duhu. Sabo ne ba zan iya ba, don sabo sai an gani. Da kin bar ni da gwangwanayena, da har in mutu ba ki sani ba."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"In faɗa miki ki yi yaya? Ki jera?"

Ban ji zafin maganar ba, don gaskiya ce. Kuka ya taso mini na danne shi, na ce ai abin da sauƙi, gwangwanin madara ba wuyar samu yake ba. Na ce ta faɗa mini tsarin, in mayar da kowa inda yake.

"To," ta ce. "Ɗauko jan haushi."

Na juya na dubi kwalabe biyun nan na ja. A lokacin ne na gane abin da na aikata.

"Na haɗa su, Yaya."

"Kin haɗa wa da wa?"

"Duka. Na ga duk ja ne."

Na so ta zage ni. Wallahi da ta ɗauki tiren ta kwaɗa mini da na fi samun sauƙi. Sai ta ɗora hannu biyu a gwiwa ta ce, "Shekara ashirin ina tsintar su."

Haka ne kuwa. Ba a rana ɗaya ta saye su ba, ba kuma wurin mutum ɗaya ba. In ta shiga kasuwa takan wuce buhu goma ta tsaya a kan ɗaya, ta sa a auna mata kaɗan. Wasu masu sayarwar sun mutu, wasu sun bar sana'ar. Ko da suna nan ma, da wane idon za a sake zaɓa?

Kwana tara muka yi muna ƙoƙarin raba su. Nakan shimfiɗa tawul a bakin ƙofa inda rana ta fi ƙarfi, in zuba jajayen, Yaya tana zaune a bayana tana kwatance. Jan haushi ya fi duhu, kamar akwai ɗan baƙi kwance a cikinsa. Jan kunya yana ja zuwa ruwan hoda, amma bai kai ba. Jan tsohuwa ya ɗan dushe. Ina jin kalmomin sarai. In na sunkuya sai in ga dubban ƙananan duwatsu, kowanne ja. In ware goma gefe guda ina ganin sun fi duhu, gajimare ya gifta, su koma daidai da sauran. Wuyana ya ƙage, idona ya yi ta zubar da ruwa.

Mai ɗinki ta zo taimako, tana ta salati da ba da haƙuri. Ita ta fi ni ido, ta raba su kashi uku. Washegari ta dawo ta duba ta ce a'a, kashi na biyu ma iri biyu ne, ta sake hargitsa su. Muka miƙa wa Yaya tafi guda muka ce wannan ne jan kunya? Ta murza su a hannu ta ce, "Ku kuke gani, ni kuke tambaya?" A rana ta tara ta ce mu bari haka. Na mayar da su cikin kwalabensu, mai ɗinki ta tafi ba ta ko yi sallama ba.

Daga nan aiki ya tsaya. Tsohon jeri ba ya yiwuwa, sabo babu mai yin sa. Da safe mukan shiga ɗakin don mun saba, ta zauna a kujerarta, in zauna a tawa. Nakan zura allura in zare, in sake zurawa. Sarƙar nan guda ɗaya da ta jera ranar da ta dawo tana rataye a ƙusa a bayan ƙofa, babu mai maganarta. Litinin biyu ban kai kaya ba, in wayata ta yi ƙara sai in kife ta.

Ana saura kwana biyu wata ya ƙare, mai shagon ta zo da kanta. Ta gaida Yaya har da rusunawa, ta ce ta ji shiru ne ta ce bari ta zo ta ga ko lafiya. Na ba ta kujerata. Ina ta neman bakin da zan ce mata ta ba wasu akwatin, sai iska ta turo ƙofa, sarƙar ta kaɗa. Matar ta miƙe ta ciro ta daga ƙusa.

"Kai! Wannan fa?"

Ta kai ta bakin taga, ta ɗora a wuyanta, ta nemi madubi.

"Ashe kuna da irin wannan kuke ɓoye mini? Dubi yadda koren nan ya faɗa wa ruwan goro! Ga baƙaƙen nan a gefe ɗaya, wa zai yi tunanin haka? Irin wannan ake nema yanzu, wadda ba ta bi layi ba. Yaya, ke dai idonki ba ya tsufa."

"Mun gode," in ji Yaya.

"Goma nake so kafin Litinin ta sama, kuma kar wata ta yi kama da wata. Yadda kika yi wannan, haka za ki ci gaba. Akwati naku ne, har ma in ƙara muku wani."

Ta so ta tafi da sarƙar, Yaya ta ce a bar mata ita tukuna. Na raka matar har titi tana ta zuba, ina ta cewa to. Da na dawo na tarar Yaya ta shimfiɗa sarƙar a cinya tana bin ta da yatsa.

"Zo ki karanta mini ita," ta ce. "Daga maɗauri."

Na durƙusa a gabanta. "Kore, kore, ruwan goro. Fari. Kore. Ja."

"Wane jan?"

"Ja dai, Yaya."

Ta ce in ci gaba. Na bi su har ƙarshe, tana bina da leɓe, tana ƙoƙarin haɗa su a cikin kanta. Na ga goshinta ya tattare, ya saki, ya sake tattarewa.

"Ba ta haɗu mini ba," ta ce. "Auta, matar nan 'yar kasuwa ce, abin da zai fita take gani. Ke nake tambaya. Tsakaninki da Allah, sarƙar nan tana da kyau?"

Na karɓe ta na ɗaga. Na kalle ta a haske, na kalle ta a inuwa. Na so in ce tana da kyau don ranta ya yi sanyi, na so in ce ba ta da kyau don ta san ba a yi mata ƙarya. Na nemi ko ɗaya a cikin zuciyata ban samu ba. Shekara ashirin da biyu, duk abin da na taɓa kira mai kyau sai da na ji ta faɗa tukuna.

"Ban sani ba, Yaya," na ce, sai kukan ya ƙwace mini.

Ba ta rarrashe ni ba. Ta bari na yi mai isata. Sannan ta jawo tiren ta ɗora a cinya, ta shafe tawul ɗin da tafin hannu har ya kwanta.

"Goma ta ce ko? Share fuskarki ki miƙo mini kwalba."

Na tashi na tsaya a gaban kantar.

"Wacce?"

"Kowacce ma," ta ce.